HANYOYIN DA MOTA BA TA BI: TAFIYA A KAN KEKE CIKIN ƘAUYUKAN FARANSA

Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin sunan Peugeot, musamman tun 1975 da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocinsa a Kaduna. Amma ba kowa ya san cewa gidan Peugeot ya fara ƙera kekuna a 1882 ba, tun kafin ya taɓa ƙera mota. Faransawa mutanen keke ne tun kaka da kakanni. A birnin Paris aka fara sayar da keke mai feda a shekarun 1860, a 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu masu suna Michelin suka fito da tayar iska wadda mahayi zai iya cirewa ya yi mata faci ya mayar. Tseren nan da ake kira Tour de France, wanda ake kewaya ƙasar duka, an soma shi a 1903, har yau kuwa ana yinsa kowane watan Yuli.

Duk da haka sai da mota ta kori keke daga kan titi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci suka yi yawa, suka ƙara gudu, har ya zama uba ba ya yarda ya bar ɗansa ya hau keke zuwa ƙauyen da ke kusa. Maganin da Faransawa suka samo wa wannan matsala bai ci musu haƙa sababbin hanyoyi ba. Tsofaffi suka waiwaya, waɗanda aka yi watsi da su ciyawa ta cinye, watau hanyoyin dogo da aka rufe, da kuma gefen kogunan haƙa inda dawaki suke jan jiragen kaya a dā. Suka share su, suka zuba musu tsakuwa aka daddaɓe, suka hana mota shiga. Su ne suke kira voie verte, ma'anarsa koriyar hanya.

GADON JIRGIN ƘASA

Don mai karatu ya gane inda waɗannan hanyoyi suka fito, sai a koma 1879. A shekarar ne wani ministan ayyuka mai suna Charles de Freycinet ya kawo shirin da zai kai jirgin ƙasa kowane lungu. Jihohi su ma suka shiga gasa, kowace tana shimfiɗa nata ƙananan layuka, har aka wayi gari a shekarun 1920 Faransa tana da kimanin kilomita 60,000 na hanyar dogo in an haɗa manya da ƙanana. Daga nan lori da bas suka zo, suna ɗaukar manomi daga ƙofar gidansa. Layukan ƙauye suka shiga faɗuwa, aka yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Abin da jirage ke bi a yau bai kai kilomita 30,000 ba.

An ciccire ƙarafan an sayar, amma aikin ƙasa ya tsaya inda yake: kadarkon dutse, da ramukan da aka fasa ta cikin tsauni, da tudun da aka cike, da kwarin da aka yanke. Kuma akwai wata baiwa da hanyar dogo take da ita. Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsini, domin ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, saboda haka injiniyoyin dā suka lallaɓa hanyar tana hawa sannu a hankali, galibi mita 2 ko 3 kacal a cikin kowace mita 100. Abin da aka yi domin raunin jirgi shi ne ya zama jin daɗin mai keke. Tsoho da yaro suna iya ratsa ƙasar duwatsu ba tare da sun sauka sun tura ba.

Jihar Saône-et-Loire, a ƙasar Burgundi, ita ce ta yi suna da soma wannan aiki. A 1997 ta buɗe kilomita 44 tsakanin Givry da Cluny a kan wata matacciyar hanyar dogo. Daga baya aka ƙara mata tsawo, ta bi ta wani rami mai suna Bois Clair wanda tsawonsa ya kai kilomita 1.6. Ana rufe ramin duk lokacin sanyi, ba don komai ba sai don jemagu da suke kwana a ciki kada a tashe su, masu keke kuwa su haura ta bisan tsaunin. A 1998 gwamnati ta zana taswirar irin waɗannan hanyoyi ta ƙasa baki ɗaya, a 2004 kuma aka shigar da koriyar hanya cikin dokar tuƙi, aka keɓe ta ga masu tafiya a ƙasa, da masu keke, da mahaya doki inda aka yarje musu. Ita ta Cluny kwalta aka zuba mata. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya burji ne, wato tsakuwa ƙanana da rairayi da aka danne, su ne kuwa masu son kaɗaici suka fi nema.

KWARIN EYRIEUX

In ana son ganin wadda ta fi nuna amfanin abin, sai a nufi jihar Ardèche, kudu maso gabashin ƙasar, yamma da babban kogin Rhône. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, ba ta da babban birni ko ɗaya. A 1973 jirgin fasinja na yau da kullum ya daina tsayawa a duk faɗin jihar. A nan ne hanyar da ake kira Dolce Via take, mai tsawon kimanin kilomita 90.

Tana farawa daga garin La Voulte a bakin Rhône, inda ƙasa ba ta fi mita 100 bisa teku ba, ta bi gaɓar wani kogi mai suna Eyrieux tana hawa. Wani ƙaramin jirgi ne yake bin wurin a dā, mai faɗin dogo mita 1. An buɗe layin zuwa Le Cheylard a 1891, aka ƙara masa rassa a farkon ƙarni na 20, aka rufe shi a ƙarshen watan Oktoba na 1968. Tsofaffin kwarin har yanzu suna tuna kukansa.

Farkon tafiyar cikin lambuna ne. Kwarin yana da faɗi a nan, rana tana dukansa sosai, an kuma san shi da noman wani ɗan itace mai laushi da zaƙi da suke kira pêche. Bayan an wuce Saint-Fortunat da Les Ollières sai duwatsu su fara matsowa. Titin mota yana can ɗaya hayin, ƙararsa tana ɓacewa cikin ƙugin ruwa, hanyar keke kuma ta maƙale a jikin dutse kamar shantali. Ba a jin komai sai sautin tsakuwa ƙarƙashin taya. Wani wuri a ratsa kadarko mai bakuna da yawa, kogin yana can ƙasa kore shar, wani wuri a shiga rami mai sanyi da ɗigar ruwa, a fito cikin haske. Tsofaffin tashoshi suna nan da sunayensu rubuce a bango, waɗansu sun zama gidajen zama, waɗansu wurin sayar da abinci. Akwai 'yan guntayen wurare da aka bar wa mazauna wurin su shiga da motocinsu, domin ba su da wata hanyar isa gida, sai dai an sa alamu, kuma ba su da yawa.

Wanda ya ɗaga kai zai ga jikin tsaunuka an yanka su hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangar dutse da aka jera ba siminti ba laka. Gonaki ne. Talakawan dā suka gina su da hannu, kuma duk lokacin da ruwa ya wanke ƙasar ya gangara da ita, sai su ɗebo ta a kwando su goya su mayar sama. A kan waɗannan matakalu suka dasa itacen da ya riƙe su shekaru aru-aru, wanda ake kira châtaignier. 'Ya'yansa suna cikin ƙwanso mai ƙaya kamar bushiya, cikinsu gari ne mai ɗan zaƙi. Da yake alkama ba ta yi a wurin, sai suka sa masa suna itacen burodi. Ana tsince 'ya'yan a watan Oktoba, a shanya su bisa hayaƙi a cikin wani ɗan ɗakin dutse, a ci waɗansu a miya, a niƙa waɗansu. Katakonsa ya yi azara, ganyensa ya yi shimfiɗar awaki. Har gobe kusan rabin abin da Faransa take samu na wannan ɗan itace daga Ardèche yake fitowa.

A bakin kogin kuma akwai waɗansu dogayen gine-gine masu tagogi a jere, mafi yawansu a rufe. Masaƙun murza zaren siliki ne, waɗanda ruwa yake juya injinansu. 'Yan matan ƙauye ne suke aikin, tun asuba har dare, su kwana a ɗaki guda a bisan masaƙar, sai ran Asabar su koma gida su ɗauko guzurin mako. Zaren kuwa a kai shi Lyon da Saint-Étienne wurin masaƙa.

A 1861 mutanen Ardèche sun kai kimanin 388,000. Daga nan masifu suka yi ta zuwa a jere. Ciwo ya faɗa wa tsutsar siliki, wani ƙwaro ya cinye saiwar inabi, wata cuta ta kama itacen burodi, sa'an nan buɗe mashigin Suwez a 1869 ya kawo siliki mai araha daga Gabas. Samari suka bi jirgin da aka kawo don ya raya su, suka tafi birane neman aiki. Yaƙin 1914 ya kwashe waɗanda suka rage, kowane ƙauye yana da dutsen da aka rubuta sunayensu. Kafin 1962 mutanen jihar sun koma ƙasa da 250,000. Rufe layin a 1968 tamkar sa wa kwarin kwaɗo ne.

Wannan shi ya sa mutanen wurin ba su ɗauki hanyar keke abin wasa ba. Mai keke ba kamar mai mota ba ne da zai cika bayan motarsa da kaya daga babban kanti ya wuce da gudu. Ba ya iya ɗaukar abinci mai yawa, tafiyar yini ɗaya kuma da wuya ta wuce kilomita 50 ko 60 in da iyali. Tilas ya sayi burodi a ƙauye, ya ci abincin rana a ƙauye, ya kwana a ƙauye. Ta haka mai gidan burodin da ya yi niyyar rufewa yake ƙara shekara, mai gyaran keke ya buɗe rumfa, manomi ya gyara ɗakin da kakansa ya bari ya ba baƙi haya. A 2020 wani babban baje-kolin masu yawon keke da ƙafa da ake yi a ƙasar Holan ya zaɓi Dolce Via a matsayin hanyar keke ta shekara, Holan kuwa ita ce uwar masu keke a Turai.

A Le Cheylard, kusan kilomita 50 daga mafari, hanyar ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi ta Saint-Martin-de-Valamas, garin maƙeran sarƙa da 'yan kunne tun ƙarni na 19, ya haura zuwa Saint-Agrève mai tsayin fiye da mita 1,000, inda iska take da sanyi ko a tsakiyar bazararsu. Wannan shi ne wuri mafi wuya, shi ne kuma mafi kyau. Ɗaya reshen ya ratsa wani rami ya gangara Lamastre. A can mai keke zai tarar da abin mamaki, domin guntun layin da ya tashi daga Lamastre zuwa wajen Tournon bai mutu ba. Masu sha'awa sun farfaɗo da shi tun 1969, har yau jirgi mai tururi yana jan 'yan yawon buɗe ido ta kwazazzabon kogin Doux.

KOGIN DA MUTUM YA HAƘA

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yadda mota ta yi wa jirgin ƙasa, haka shi ma jirgin ƙasa ya yi wa jirgin ruwa tun da fari, kuma babu inda za a ga wannan kamar a Canal du Midi, can kudu.

Wani mai karɓar harajin gishiri ne, mutumin Béziers, mai suna Pierre-Paul Riquet, ya shawo kan Sarki Louis na 14 da wazirinsa Colbert cewa ana iya haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum ta cikin ƙasa, a huta da kewaya Sifen. Abin da ya gagari na gabansa shi ne inda za a sami ruwan da zai cika wurin da ya fi tudu. Riquet ya tattaro ƙoramun wani tsauni da ake kira Baƙin Dutse, ya tare su a madatsar Saint-Ferréol, ya jawo su ta lambatu zuwa Naurouze, mai tsayin mita 189, inda ruwan yake rabuwa, rabi gabas rabi yamma. Sarki ya ba da izini a 1666. Ma'aikata sun kai 12,000 a wani lokaci, da mata a cikinsu, ba su da abin aiki sai diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa duka a ciki, ya rasu a 1680 da bashi a wuyansa, saura 'yan watanni a buɗe aikin a 1681. Tsawonsa kilomita 240 ne, daga Toulouse zuwa tafkin Thau kusa da Sète.

Kusan shekara 200 kogin yana ɗaukar alkama da sauran kaya, dawaki suna ja daga gefe. Jirgin fasinja na farko kwana 4 yake yi daga Toulouse zuwa Agde. A 1857 aka buɗe hanyar dogo a kusa da shi, a 1858 kuwa kamfanin jirgin ya karɓi hayar kogin kansa, wanda ya zama kamar an ba kura ajiyar nama. Kaya suka koma dogo. Gwamnati ta karɓe shi a 1898, amma bai sake komawa yadda yake ba. Yanzu jiragen shaƙatawa ne kawai suke binsa, a 1996 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Turbar dawakin nan ita ce masu keke suka gada. Daga Toulouse akwai kwalta na wani ɗan nisa, bayan nan sai tsakuwa, waɗansu wurare kuma turɓaya da saiwoyi, in an yi ruwa ta zama taɓo. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, tana bi ta garin Carcassonne, ta ramin Malpas, ta matakalar ƙofofin ruwa ta Fonseranes a Béziers, inda ake ɗaga jirgi daki-daki har ya hau tudu.

Sai dai wanda ya san wurin shekara 20 da suka wuce zai yi baƙin ciki in ya koma. Abin da ya ƙawata kogin shi ne manyan itatuwan platane kimanin 42,000 da suka yi masa rumfa hagu da dama. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu, wadda ake kyautata zaton ta shigo Faransa a cikin katakon akwatunan harsashin sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ta da magani. Tana bin ruwa, tana shiga ta raunin da igiyar jirgi ko ƙarfe ya yi wa saiwa, itace mai shekara 150 sai ya bushe cikin 'yan shekaru. Dole a sare shi a ƙone a wurin. An riga an sare fiye da rabinsu. Hukumar kogunan ƙasar tana dasa waɗansu iri dabam-dabam a madadinsu, jama'a suna ba da gudummawa, amma inuwar da aka rasa sai jikoki ne za su sake zama a cikinta.

Can arewa maso yamma kuma, a ƙasar Bretagne, akwai kogin haƙa na Nantes zuwa Brest, mai tsawon kimanin kilomita 360 da ƙofofin ruwa fiye da 230. Napoleon ne ya sa a yi shi domin jiragen yaƙin Ingila sun tsare masa bakin teku. An gama shi a 1842, fursunonin soja ne suka haƙa yankin da ya fi zurfi a Glomel, a 1930 kuma madatsar wutar lantarki ta Guerlédan ta datse shi biyu. Gefensa yana cikin hanyoyin burji mafi tsawo da kwanciyar hankali a ƙasar.

GUZURIN MATAFIYI

Keken da ya dace da irin wannan tafiya shi ne mai faffaɗar taya. Akwai wani iri da ya yaɗu daga Amurka a shekarun 2010, mai lanƙwasasshen kai kamar na tsere amma da taya mai kauri, an yi shi musamman don tsakuwa. Amma ba dole sai shi ba, kowane keke mai ƙwari da kariya ya isa, ana kuma samun na haya a garuruwan da ke kan hanya, har da mai batir. Famfo da kayan faci da fitila ba a barinsu, saboda ramuka. Watannin Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗi. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, daga Oktoba kuwa ruwa kan sauko a duwatsun kudu kamar da bakin ƙwarya.

Baƙo ya sani cewa kantunan ƙauye suna rufewa da tsakar rana har wajen ƙarfe 2, da yawa kuma ba sa buɗewa ran Lahadi da yamma ko Litinin. In ruwa ya ƙare, masu keke sun san wata dabara: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa don masu ban ruwan furanni, sai dai a duba kada an rubuta cewa ba na sha ba ne. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade yana shiga abincin duwatsun nan da yawa, amma ga burodi, ga cukun awaki, ga kifi da 'ya'yan itace. Kuma duk wanda ya shiga kanti bai ce bonjour ba, an ɗauke shi marar tarbiyya.

GARDAMAR DA BA TA ƘARE BA

Ba kowa ne ya gamsu ba. Akwai masu cewa tsoho marar mota da ɗan makaranta jirgi suke bukata, ba baƙi masu zuwa wata uku su tafi ba, kuma duk layin da aka cire ƙarfensa da wuya ya dawo. Masu goyon baya sukan amsa cewa da ba a mai da shi hanyar keke ba, da tuni an yanka filin an sayar gunduwa-gunduwa, alhali yanzu yana hannun jama'a a ɗinke daga farko har ƙarshe. Akwai kuma gardamar kwalta da burji. Burji ya fi araha wajen shimfiɗawa, ya fi dacewa da daji da doki, amma ambaliya tana kwashe shi, kowace shekara sai ƙananan hukumomi sun sake kashe kuɗi, mai keken guragu kuma yana shan wuya a kansa.

Ko ma wane ne ya fi gaskiya, abu ɗaya a fili yake. Kadarkon da aka gina a 1891 da kogin da aka haƙa a 1681 suna ciyar da mutane a yau ta hanyar da maginansu ba su taɓa zato ba, domin an yi aikin da inganci, kuma da amfaninsa na farko ya ƙare ba a bari an wawashe shi ba. Sannu ba ta hana zuwa. A kwarin Eyrieux, masu tafiyar sannun ne suka sa aka sake buɗe tagogin tashoshin da jirgi ya bari.